Ra'ayi: Kafin ka sayi magen Farisa, fara duba hancinta

A watan Afrilun bara, wajen ƙarfe biyu na rana, wayata ta yi ƙara. 'Yar yayata ce, yarinya 'yar shekara 11, tana kuka.

"Kawu, ka zo da sauri, Auduga za ta mutu."

Auduga ba mutum ba ce. Mage ce fara fat mai yalwar gashi, irin wadda ake kira magen Farisa. Yayata ce ta saya wa yarinyar a matsayin tukuicin ƙoƙarin da ta yi a jarrabawa, bayan sun ga hotonta a Instagram. Kuɗin da aka biya ya kusa sayen ragon layya.

Ranar tun asuba aka ɗauke wuta a unguwarsu da ke Kano. Na tarar da magen shimfiɗe a kan tayil ɗin banɗaki, baki buɗe, harshe waje, tana haki kamar wadda aka yi tsere da ita. Muka shafa mata ruwan randa a jiki, muka tari Adaidaita Sahu sai wajen likitan dabbobi.

Allah Ya yi da sauran kwananta. Amma maganar da likitan ya yi wa yayata ce ta sa na zauna na yi wannan rubutu.

Ya ɗaga kan magen ya ce, "Hajiya, matso ki ga ƙofar hancinta. Wannan ai tsaga ce kawai. Da ita take shaƙar iska tun ranar da aka haife ta. Zafin yau asiri kawai ya tona."

Yayata ta yi shiru. Watanni kafin nan ta tambayi wanda ya sayar mata dalilin da ya sa magen ke minshari, kuma kullum idonta na zubar da hawaye. Amsar da ya ba ta ita ce haka jinsinsu yake. Har ya ƙara da cewa shafaffiyar fuskar ce shaidar cewa magen ta asali ce, shi ya sa ta fi tsada.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: mu daina sayen magen Farisa mai shafaffiyar fuska. Wanda ya ga lallai sai ya ajiye wannan jinsi, to ya nemi mai hanci, ya bincika lafiyar iyayenta, kuma ya lissafa abincinta na shekara goma kafin ya tura kuɗi. Ga dalilaina.

Wace ce ta asalin?

Sunan ya samo tushe daga Farisa, ƙasar da a yau ake kira Iran. Tarihi ya nuna cewa wajen shekarar 1620 wani matafiyi ɗan Italiya mai suna Pietro della Valle ya bayar da labarin maguna masu dogon gashi na yankin Khurasan, kuma shi ake danganta wa shigar da su Turai. A wannan zamanin kuma an kai wasu masu dogon gashi Faransa daga Ankara ta Turkiyya.

Amma magen da muke gani a yau a Ingila da Amurka aka ƙera ta. A 1871 wani mai zane ɗan Ingila, Harrison Weir, ya shirya babban bajekolin maguna a Crystal Palace da ke Landan. Daga nan kiwon mage don gasar kyau ya zama sana'a da abin alfahari. A 1906 aka kafa ƙungiyar masu kiwon maguna ta CFA a Amurka, wadda har yau take rajistar jinsuna tana tsara siffar da alƙalan gasa za su duba.

Duk wanda ya kalli hotunan magen Farisa na farkon ƙarni na 20 zai ga mage ce mai hanci kamar kowace mage, sai dai gashi da faɗin fuska.

Sauyin ya zo ne a ƙarshen shekarun 1950 a Amurka, lokacin da aka riƙa haifar wasu jajayen maguna da fuska a danne saboda canji a ƙwayoyin halittarsu. Aka laƙaba musu sunan wani ƙaramin kare na ƙasar Sin mai irin wannan fuska, wato Pekingese. Maimakon a ɗauki abin a matsayin tawaya, sai masu kiwo suka ga ya yi musu kyau, suka ci gaba da haɗa masu gajeren hanci da masu gajeren hanci. A yau ƙa'idar CFA na son idan aka kalli magen ta gefe a ga goshi da hanci da haɓa sun yi layi ɗaya a miƙe.

Saboda haka mai sayarwar da ya ce maka shafaffiyar fuska ce ta asali, ya juya maka tarihi ne. Mai hancin ce ta fi kusa da asali. Ɗayar ba ta wuce shekara 70 a duniya ba, kuma son zuciyar ɗan Adam ne ya samar da ita.

Me ya sa take burge mu? Tun a 1943 masanin halayyar dabbobi ɗan Ostiriya, Konrad Lorenz, ya yi bayanin cewa manyan idanu da zagayayyar fuska da ɗan ƙaramin hanci siffofin jariri ne, kuma suna motsa tausayi a zuciyar mutum. Abin da ke sa ka tsaya a kan hoton a waya ke nan. Sai dai shi jariri hancinsa na girma. Ita mage haka za ta ƙare rayuwarta.

Fuska iri uku a kasuwa

A tallace-tallacen da ake yi a WhatsApp da Instagram da TikTok za ka ci karo da iri uku.

Ta farko ita ce mai fuskar 'yartsana, wadda 'yan kasuwa ke kira Doll Face. Hancinta a fili yake, yana ƙasa da idanu, baki ya ɗan fito gaba.

Ta biyu tsaka-tsaki ce. Hancin ya gajarce amma bai nutse ba.

Ta uku ita ce mai shafaffiyar fuska, wadda suke kira Punch Face, wato kamar an kai mata naushi. Sunan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi tunani. Hancinta ya haura sama ya shige tsakanin idanu.

Ba ka buƙatar zama likita kafin ka bambance su. Kalli magen ta gaba, ka ja layi a zuciyarka daga ƙasan ido ɗaya zuwa ƙasan ɗayan. Idan saman hancin ya haura wannan layi, to an wuce gona da iri. Hukumar rajistar maguna ta Birtaniya, GCCF, na ɗaukar hakan a matsayin aibi ko a wajen gasa. Sannan ka kalle ta ta gefe: idan ba ka ga hanci ya fito ba, ka ajiye kuɗinka.

Haka abin yake ga 'yan uwanta biyu da ake yawan tallatawa tare da ita: Himalayan, wadda aka samu daga haɗa Farisa da magen Siyam, da kuma Exotic mai gajeren gashi. Duk fuskar ɗaya ce, matsalar ma ɗaya ce.

Abin da ke ɓoye a bayan fuskar

Idan aka gajarta ƙoƙon kai, naman da ke ciki ba ya raguwa daidai da ƙashin. Kamar a kwashe kayan ɗaki biyu ne a cusa a ɗaki ɗaya. Komai sai ya matse.

Na farko numfashi. Ƙofofin hanci kan tsuke, hanyar iska ta cikin hanci ta cunkushe. Minsharin da ake ɗauka a bidiyo ana dariya, ƙarar iska ce da ke neman hanyar wucewa.

Na biyu idanu. Kowace mage na da siririyar hanya da ke kwashe hawaye daga ido zuwa hanci. A 2009 wasu masana a Jamus sun ɗauki hoton kawunan maguna, suka raba gajartar fuska zuwa mataki huɗu. Sun nuna cewa yayin da fuskar ke ƙara shafewa, wannan hanya na lanƙwashewa, haƙoran fiƙa na sama kuma suna juyawa. Shawararsu ita ce a daina kiwon masu mataki na uku da na huɗu. Wannan ne dalilin jan layin da kake gani a ƙarƙashin idon farar mage. Hawayen da ya rasa hanya ne ke bin fuska, ya taru a cikin lanƙwasar fata, ya jawo ƙaiƙayi da gyambo. Ga shi idanun sun firfito, ƙura da bushewa na saurin yi musu illa, har wani baƙin tabo kan fito a kan ƙwayar idon wanda sau da yawa sai an yi tiyata.

Na uku haƙora. Muƙamuƙin sama da na ƙasa ba sa haɗuwa daidai, haƙora su cunkushe, abinci ya maƙale, dasashi ya kumbura.

Na huɗu ƙwaƙwalwa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Giessen ta Jamus, aka wallafa a 2017, ya kwatanta masu fuskar 'yartsana da masu shafaffiyar fuska. Ya gano cewa taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa da nakasar ƙashin kai sun fi yawa ga masu shafaffiyar.

Na biyar haihuwa. Kan 'ya'yan babba ne kuma zagayayye, don haka naƙuda kan yi wa uwar tsanani fiye da sauran maguna.

Bincike mafi girma a kan wannan jinsi shi ne na Kwalejin Likitocin Dabbobi ta Royal Veterinary College da ke Landan, wanda ya fito a 2019. An duba bayanan asibiti na magen Farisa 3,235 a Birtaniya. Kusan kashi 65 cikin 100 an same su da aƙalla matsala ɗaya a cikin shekara guda. Matsalar gashi ce kan gaba da kashi 12.7, sai ciwon dasashi da haƙori kashi 11.3, sai zarcewar farce kashi 7.2, sai kwantsa da zubar ruwan ido kashi 5.8. Babban abin da ya fi kashe su shi ne ciwon ƙoda, kashi 23.4.

A lura, wannan a Birtaniya ne, ƙasar sanyi, inda asibitin dabbobi ke kusan kowace unguwa.

Ciwon da hoto ba ya nunawa

Ko an samu mai hanci, akwai sauran rina a kaba. Magen Farisa ta yi suna da wani ciwon ƙoda na gado da ake kira PKD a taƙaice. Ana haifar ɗan mage da wasu ƙananan ƙululu masu ruwa a cikin ƙodarsa. Suna girma a hankali, suna cinye naman ƙodar, har ta kasa aiki. Yawanci alamun kan bayyana ne wajen shekara bakwai: yawan shan ruwa, yawan fitsari, rama, amai da ƙin cin abinci. Babu maganin da ke warkar da shi, sai dai a lallaɓa.

Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban kafin a fara tantancewa ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na wannan jinsi na ɗauke da ciwon. Idan uwa ko uba ɗaya na da shi, kowane ɗa na da yiwuwar kashi 50 cikin 100 na gadonsa.

A 2004 ayarin masana ƙarƙashin Leslie Lyons a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano ƙwayar halittar da ke jawo shi. Tun daga nan ake gwaji da ɗan yawun da aka goge daga kumatu ko da jini. Haka kuma sikanin na iya nuna ƙululun idan mage ta kai wata goma. Masu kiwo na ƙwarai a Turai da Amurka sun rage ciwon ƙwarai ta hanyar daina haɗa masu ɗauke da shi.

To a nan fa? Ka tambayi mai tallar mage a waya ko an yi wa iyayenta sikanin ƙoda, ka ji amsar da zai ba ka. Inda magunan kiwo ba su da yawa, haɗa wa da ƙanwa ko uba da 'ya abu ne mai sauƙin faruwa, kuma ta haka ciwon gado ke bazuwa. Sayen ɗan mage daga hoto, ba ka ga uwa ba, ba ka ga uba ba, cinikin biri a sama ne.

Akwai kuma makero. Dogon gashin Farisa na ɓoye wannan cuta ta fata, kuma jinsin na cikin waɗanda suka fi kamuwa da ita. Tana yaɗuwa daga mage zuwa mutum, musamman yara masu rungumarta suna kwana da ita. Makonni kaɗan da zuwan Auduga wani zagayayyen tabo ya fito a wuyan 'yar yayata. Babu wanda ya kawo mage a ransa sai daga baya.

Rigar sanyi a watan Afrilu

Zafin jikin mage lafiyayya yana tsakanin digiri 38 zuwa 39 a ma'aunin Salshiyas. Ba ta gumi kamar mu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Tana sanyaya jikinta ne ta hanyar lasar gashi da neman wuri mai sanyi, idan abin ya yi tsanani kuma ta hanyar numfashi.

Yanzu ka ɗauki dabba mai gashi ninki biyu, mai toshasshen hanci, ka ajiye ta a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kuma babu tabbacin wuta. Kamar a sa wa mai asma rigar sanyi ne a kulle shi a ɗaki da tsakar rana.

Duk mai mage ya riƙe wannan: kare na haki a matsayin al'ada, mage ba ta yi. Idan ka ga magenka ta buɗe baki tana haki, lamarin gaggawa ne. A kai ta inuwa, a shafa mata ruwa mai ɗan sanyi amma ba na ƙanƙara ba, a kunna fanka ko a yi mata fifita, a garzaya asibiti.

Hunturu ma ba hutu ba ne. Ƙurar da ke sa mu tari ita ke shiga waɗancan firfitattun idanu.

Mage ba ta rayuwa da tuwo

A nan ne mafi yawanmu ke kuskure, kuma kuskuren ya shafi kowace irin mage.

Mage maciyar nama ce zalla. Akwai wani sinadari mai suna taurin da jikinta ba ya iya haɗa isasshe, sai ta same shi daga nama. A 1987 wani bincike da aka wallafa a mujallar Science ya tabbatar da cewa ƙarancinsa na jawo wa mage ciwon zuciya. An kuma san yana lalata ido har ya kai ga makanta. Jikinta ba ya iya juya karas ko ganye zuwa bitamin A kamar namu. Ko zaƙi ma harshenta ba ya ji.

Magen gida da ake zuba wa ragowar tuwo tana rayuwa ne saboda da dare tana fita ta kama ɓera da ƙadangare. Magen Farisa da ke kulle a falo ba ta da wannan dama. Abin da ka zuba mata shi ne rayuwarta.

Ga abubuwan da bai kamata su shiga bakinta ba. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa ƙwayoyin jininta. Wannan ya haɗa da miyarmu, da romon da aka sa wa kayan ƙamshi, da tsire da kilishi saboda yajinsu. Madarar shanu na sa yawancin manyan maguna zawo. Ɗanyen kifi a kai a kai na iya jawo ƙarancin bitamin B1. Hanta kullum na tara bitamin A har ya lalata ƙashi. Tsokar nama zalla ba tare da sinadarin kalsiyam ba na sa ƙashin ɗan mage ya yi laushi. Dafaffen ƙashin kaza na tsagewa ya soke hanji. Abincin kare bai ishi mage ba. Cakulan guba ne.

Sai babban gargaɗi: kada a taɓa ba mage farasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka maganin ƙuma da kaska na karnuka mai sinadarin fametirin, yana sa mage farfaɗiya har ta mutu.

To me za a ba ta? Hanya mafi sauƙi ita ce abincin mage na kamfani wanda aka rubuta cewa cikakke ne, daidai da shekarunta. A duba ranar lalacewarsa. A guji wanda aka buɗe buhu ana aunawa a leda ba suna ba kwanan wata, domin zafi na lalata mansa, damina kuma na sa shi fumfuna. Wasu kamfanoni, irin su Royal Canin, har sun ƙera ƙwayar abinci mai siffa ta musamman saboda magen Farisa na wahalar ɗaukar abinci da bakinta. Wannan kaɗai ya isa shaida: dabbar da sai an sake fasalin abinci kafin ta iya ci, an taɓa halittarta.

Wanda zai dafa a gida, ya dafa kaza ko naman sa ko kifin da aka cire wa ƙaya, da zuciya da ƙundu, da 'yar hanta kaɗan, ba gishiri ba magi ba albasa. Ya haɗa mata da ruwan dahuwar, domin taurin na narkewa a ciki. Amma ya zauna da likitan dabbobi a tsara masa ƙarin kalsiyam da bitamin, don abincin gida da ba a auna ba yakan gaza.

Ruwa kuwa shi ne rabin lafiyar ƙoda. Kakannin mage dabbobin busassun wurare ne, shi ya sa ba ta cika jin ƙishirwa ba. Tana buƙatar kimanin mililita 50 a kan kowane kilo na nauyinta a rana. Mage mai kilo huɗu ke nan tana buƙatar wajen mililita 200. Busasshen abinci ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, na gwangwani kuwa ya kai kashi 75 zuwa 80. Don haka a riƙa haɗawa, a ajiye ruwa a wurare biyu ko uku, a canza shi kullum. A yi amfani da faranti mai faɗi marar zurfi, saboda fuskarta ba ta shiga kwano mai zurfi. Jiƙaƙƙen abinci kada ya wuni a buɗe cikin zafi.

Ɗan mage na cin abinci sau huɗu a rana, babba sau biyu ko uku. Idan za a canza abinci a yi a hankali cikin mako guda. Idan mage ta kwana biyu ba ta ci ba, kada a jira, domin yunwa na saurin taɓa hantarta. Muzurun da ke yunƙurin fitsari ba ya fita kuwa, ko awa ɗaya kada a ƙara.

Abin da masu ja da ni za su ce

Wani zai ce, ana fama da tsadar masara kai kana maganar mage. Gaskiya ne. Amma tsadar ce ma ta sa maganar ta zama dole. Mutanen da ke sayen magunan nan ba duka ne masu kuɗi ba. Akwai amare, akwai ɗalibai, akwai iyaye irin yayata da ke son faranta wa yaro. Su ne ke gano daga baya cewa kuɗin saye somin taɓi ne. Idan aljihu ya gaza, magen ce ke biya: a koma ba ta ƙanzo, gashi ya dunƙule, a ƙarshe a sake ta a titi inda ba ta san ko farauta ba.

Wani zai ce tasa shafaffiyar fuska ce kuma lafiyarta ƙalau. Zai iya yiwuwa. Binciken Landan ɗin ma ya nuna matsakaicin tsawon rayuwarsu shekara 13 da rabi ne, wanda ba shi da laifi. Amma tsawon rai daban, jin daɗin rai daban. Mage gwanar ɓoye ciwo ce. Wadda ke wuni a kwance ana yabonta da sanyin hali, wataƙila numfashi ne ba ya isar ta ta yi wasa.

Wani kuma zai ce matasa ne ke neman halal da wannan kiwo. Ban ce su daina ba. Cewa na yi su sauya abin da suke kiwo. Mai kiwon da ya zaɓi masu hanci, ya yi wa iyaye sikanin, ya yi rigakafi, ya bar ɗa ya kai aƙalla mako 12 a wajen uwarsa, ya fi cancantar kuɗinmu, kuma shi ne zai daɗe a kasuwa. A Jamus dokar kare dabbobi ta haramta kiwon da aka san zai haifar da 'ya'ya masu wahala saboda siffarsu. Mu kafin a kai ga doka, mai saye ne doka. Ranar da aka daina biyan ƙarin kuɗi saboda shafaffiyar fuska, ranar za a daina haifar ta.

Kuma mu al'umma ce da ta taso da labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle ba ci ba sha, da sahabin da aka fi sani da alkunyar ɗan mage, Abu Huraira. Bai dace a ce sai Bature ya koya mana cewa wahalar dabba abin tambaya ba ce.

Idan tana hannunka, ko kana shirin saye

Wanda ya riga ya mallaka, kada ya yar da ita. Amanarsa ce yanzu. Ya taje ta kullum da matajin ƙarfe, musamman hammata da ciki da bayan kunne. Ya goge mata ido da auduga mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce, kowane ido da tasa audugar, ya busar da lanƙwasar fatar. Ya yanke farce. Kafin bazara a rage mata gashi a wajen wanda ya iya, ba a aske har fata ba. A yi allurar rigakafi, har da ta haukan kare, a ba da maganin tsutsa. A yi mata aikin hana haihuwa idan fuskarta a shafe take ko an ga ƙululu a ƙodarta. Ana iya yi wa masu tsukakken hanci tiyatar faɗaɗa ƙofar. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri wurare ne da za a iya neman shawara.

Wanda ke shirin saye kuwa, ya je da ƙafarsa. Ya ga uwar. Ya saurari numfashin ɗan magen a wuri shiru. Ya duba ido da kunne da fata. Ya nemi katin rigakafi mai sa hannun likita. Sannan ya tambayi kansa: ina da minti goma kullum na taza? Ina da ɗaki mai sanyi ranar da babu wuta? Zan iya sayen nama ko abincin kamfani har shekara 13? Idan amsa ɗaya a'a ce, Hausawa sun riga sun gama magana: in ba ki da gashin wance, kada ki yi kitson wance.

Ina kuma kira ga Ƙungiyar Likitocin Dabbobi ta Najeriya da ta fito da bayani cikin Hausa a rediyo da kafofin sada zumunta, inda ake tallar. Masu shahara a TikTok da ke ɗaukar bidiyo da waɗannan maguna su ma su san cewa talla suke yi, ko ba a biya su ba.

Kada kuma mu raina magen gida. Dubban shekaru ta yi tana sabawa da zafinmu. Hancinta a buɗe, gashinta daidai da yanayi, ba ta buƙatar taza, ga ta da kamun ɓera. Idan ka ba ta rabin kulawar da ake ba 'yar Farisa, za ka sha mamakin kyanta. Sau da yawa ma kyauta maƙwabci zai ba ka.

Auduga na nan da ranta. An rage mata gashi, an canza mata faranti, kuma da bazara ta kama ita ke kwana a ɗakin da fankar sola take. Kullum da safe kafin tafiya makaranta 'yar yayata na zama ta goge mata ido. Kwanakin baya wata ƙawarta ta nuna mata hoton wani ɗan mage a waya, ta ce babanta zai saya mata. Yarinyar ta karɓi wayar, ta ƙara girman hoton, ta ce, "Ki ce ya turo wanda aka ɗauka ta gefe, mu ga hancin tukuna."

Marubucin ɗan jarida ne mai zaman kansa, ya rubuto daga Kano.